AKWATIN WASA NA FALO: NAWA NE, WA KUMA ZAI SAYA?

Ran 12 ga watan Nuwamba, 2025, wani kamfani na ƙasar Amurka mai suna Valve ya yi shela cewa zai fito da wata 'yar ƙaramar kwamfuta ta wasa, wadda a ke ajiyewa a falo kusa da talabijin. Sunan da suka raɗa mata Steam Machine. Ɗan akwati ne baƙi, tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk kusan ɗaya, wajen inci shida shida, har in ka ɗora shi bisa tebur ba zai tare wurin da ya fi na ƙaramar rediyo ba. Mutanen kamfanin suka ce ƙarfinsa ya ninka na wata na'urarsu ta hannu, Steam Deck, fiye da sau shida. Suka bayyana girman ƙwaƙwalwarsa, suka bayyana na rumbun da ke cikinsa, watau gigabait 512 a ƙarami, terabait 2 a babba. Abu guda kaɗai ne ba su faɗa ba ran nan, shi ne kuwa abin da kowane mai hankali ya ke fara tambaya in ya shiga kasuwa: nawa ne?

Watakila mai karatu ya ce, to, ina ruwan mutumin Jega ko na Maiyama da abin wasan 'ya'yan Turawa? Da ruwansa. Irin wannan labari ba ya kwana sai ya shiga wayoyin samarinmu. Duk wanda ya zaga Jega da yamma, ko unguwannin da ɗaliban jami'a ke zama a Aliero, ya ga shagunan nan da yara ke kira gidan gem, labule a ƙofa, janareta na kuka a waje, samari sun cika benci suna jiran layi. Akwai matasan malamai da akawunan ƙananan hukumomi waɗanda ke tunanin cin bashi su buɗe irin wannan shago don ƙarin abin cefane. Akwai iyayen da 'ya'yansu suka dame su da roƙo. Akwai kuma saurayin Kashin Zama ko na Sabiyal da ya sayar da albasarsa, kuɗi ya zo hannu a dunƙule, ido ya rufe. Saboda waɗannan na ga ya kamata mu zauna mu yi lissafin abin nan da kanmu, tun kafin dillali ya yi mana nasa.

YADDA A KE YANKA FARASHI

Da fari sai mu rarrabe abu biyu, gama a ido kamarsu ɗaya, amma a kasuwa ba haka ba ne. Na farko shi ne akwatin wasa zalla, irin su PlayStation na kamfanin Sony, da Xbox na Microsoft, da na Nintendo. Shi wannan ba ya karɓar wasa sai wanda aka yi da iznin kamfanin da ya ƙera shi. Na biyu kuwa kwamfuta ce sosai, irin wadda akawu ke aiki da ita a ofis, an dai matse ta ne ta zama ƙarama, aka ƙara mata ƙarfin zana hoto, aka haɗa ta da hannun wasa don a zauna nesa da talabijin a sarrafa ta. Steam Machine cikin kashi na biyu ta ke.

Wannan bambanci shi ne tushen farashi. Kamfanin da ke yin akwatin wasa zalla ya kan sayar da shi ba riba, wani lokaci ma da hasara, domin ya san duk wasan da ka saya daga baya yana da kasonsa a ciki, galibi kashi 30 cikin 100. Kamar ɗan kasuwa ne ya sayar maka da injin ban ruwa a rabin kuɗi, bisa sharaɗin ba za ka sha mai a wurin kowa ba sai a wurinsa. Ka ga ba alheri ya yi maka ba, haƙuri ya yi, kuɗinsa na nan tafe. Ba zato ba ne wannan magana. A shekarar 1993 an ga abin da ke samun wanda ya ƙi bin wannan hanya, a shekarar 2021 kuwa wata babbar ma'aikaciyar Microsoft ta shaida a gaban alƙali a Amurka cewa kamfaninsu bai taɓa cin riba a kan sayar da akwatin Xbox shi kansa ba.

Ga abin da ya faru a 1993. Wani kamfani mai suna 3DO ya zana akwatin wasa, amma bai ƙera da kansa ba, sai ya ba wasu izni su ƙera, Panasonic a kan gaba. To, Panasonic ba shi da rabo cikin kuɗin wasanni, saboda haka tilas ya nemi ribarsa a jikin akwatin. Aka fito da shi a kan dala 699. Mutane suka duba, suka yaba, suka wuce. Shekara uku kacal aka daina yinsa. A 1995 kuwa, sa'ad da Sony za su shigo da PlayStation na farko Amurka, abokin gasarsu Sega ya riga ya yanka wa nasa dala 399. Aka kira wakilin Sony ya yi jawabi a wani babban taro a birnin Los Anjeles. Ya hau mumbari, ya faɗi lamba ɗaya tak, 299, ya sauko ya koma wurin zamansa. Jawabin ke nan. PlayStation ɗin nan sai da aka sayar da fiye da miliyan 100, ƙanensa PlayStation 2 na shekarar 2000 kuwa Sony sun ce ya wuce miliyan 160.

Su ma Sony sun taɓa tuntuɓe. A 2006 suka fito da PlayStation 3 a kan dala 499 da 599, alhali masu binciken kaya sun ƙiyasta cewa ƙera babban yana cin fiye da dala 800. Ga hasara ga tsada. Nintendo suka fito da nasu, Wii, wanda bai kai shi ƙarfi ba ko kusa, a kan dala 249, jama'a suka ruga can. Abin lura a nan, mai saye ba ƙarfin inji ya ke fara dubawa ba. Aljihunsa ya ke dubawa, sa'an nan ya dubi abin da abokansa ke bugawa.

KARON FARKO NA STEAM MACHINE

Ba wannan ne karo na farko da Valve suka nemi shiga falo ba. Su dai asalin arzikinsu wata kasuwa ce ta intanet mai suna Steam, wadda suka buɗe a 2003, inda masu kwamfuta ke sayen wasanni. A watan Nuwamba na 2015 aka fito da Steam Machine na farko, kuma hanyar 3DO suka bi sak. Valve suka ba da manhaja, wasu kamfanoni dabam suka ƙera akwatunan, kowa da irin nasa, kowa da farashinsa. Na kamfanin Alienware ya fara daga dala 449, akwai kuma waɗanda suka haura dala 1,000. A daidai wannan lokaci PlayStation 4 an rage shi zuwa dala 349. Maƙera su ɗauki wahalar ƙira da kasadar kasuwa, kuɗin wasanni ya tafi aljihun Valve: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ina maƙerin da zai yarda ya sayar da hasara a kan haka?

Banda tsada, akwai wata matsala. Manhajar da ke tafiyar da akwatin, SteamOS, a kan Linux aka gina ta, wasanni kuwa yawancinsu don Windows aka yi su. Mutum ya biya kuɗi fiye da na maƙwabcinsa, ya koma gida ya tarar yawancin abin da ya ke so ba ya tashi. Cikin wata bakwai na farko ba a sayar da rabin miliyan ba, alhali PlayStation 4 ya sayar da miliyan ɗaya cikin yini da kwana guda ran da ya fito a 2013. A 2018 Valve suka janye tallar akwatunan daga fuskar kasuwarsu, shiru kamar an shuka dusa.

Sai dai a yaba musu, sun koyi darasi. A cikin 2018 ɗin suka fito da wata manhaja mai suna Proton, wadda ke yi wa wasannin Windows tafinta su tashi a kan Linux. A 2022 suka ƙera Steam Deck da kansu, suka sa mata dala 399, har shugabansu Gabe Newell ya ce farashin ya yi musu ciwo. Ta kuwa karɓu. Wannan nasara ce ta ba su ƙarfin gwiwar komawa falo. Amma bayan shelar 2025, da 'yan jarida suka matsa musu, sai mutanen kamfanin suka nuna cewa ba za su sayar da sabon akwatin da hasara ba, farashinsa zai yi kusa da na kwamfuta mai irin ƙarfinsa. Dalilin a fili ya ke. Da ya ke kwamfuta ce, wani na iya sayen ɗari ya jera a ofis, bai sayi wasa ko guda ba, hasarar ta zauna. Daɗin daɗawa, a ƙarshen 2025 farashin ƙwaƙwalwar kwamfuta ya yi tashin gwauron zabi a duniya, saboda manyan kamfanonin da ke gina rumbunan ƙirƙirarriyar basira sun wawashe ta.

IN YA ISO JEGA

To, jama'a, duk wannan lissafin Amurka ne. Bari mu kawo shi gida. Mu ɗauki PlayStation 5 ya zama ma'auni, tun da shi farashinsa sananne ne: dala 499 da ya fito a 2020, aka ƙara zuwa dala 549 a watan Agusta na 2025. Mafi ƙarancin ladan ma'aikaci a dokar tarayyar Amurka dala 7.25 ne a sa'a guda. Raba 549 da 7.25, ka samu sa'a 76, watau aikin mako biyu bai cika ba. A nan kuwa, Gwamnatin Tarayya ta yanka naira 70,000 a wata a 2024, Gwamnatin Jihar Kebbi ta yanka 75,000. Dala ta yi ta kai da kawowa a wajen naira 1,500 cikin 2025. Dala 549 sau 1,500, naira 823,500 ke nan. Albashin wata goma sha ɗaya cur, ba ci, ba sha, ba haya, ba sabulu. A 2025, abin da ya ke kuɗin mako biyu a can, shi ne kuɗin shekara a nan, saura wata guda.

Kuma wannan farashin kantin Amurka ne a 2025. Kafin kaya su iso mu sai sun shiga jirgi, sun biya kuɗin fito a kwastan, da harajin saye na kashi 7.5 cikin 100. Ɗan kasuwar Alaba ko na Ikeja a Legas ya ɗora nasa, mota ta ɗauko su ta Mokwa da Kontagora da Yawuri da Koko, ko kuwa su zaga ta Kano da Sakkwato, kowane hannu da ya taɓa sai ya lasa. Kafin watan Yuni na 2023, sa'ad da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala a banki wajen naira 460 ta ke. Akwatin bai canja ba, albashi bai ninka uku ba, amma kuɗin canji ya ninka fiye da uku. Wanda ya ce wai samarinmu ba su son sabon kaya, bai yi wannan lissafi ba.

Steam Machine kuwa tana da wani nauyi a kan wannan. A shelarsu Valve sun ce za su sayar da ita a ƙasashen da su ke sayar da Steam Deck, watau Amurka da Kanada da Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai da Ostireliya, da su Japan da Koriya ta Kudu. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki. Duk wadda ka gani a kanti a Nijeriya, wani ne ya sayo a can ya kawo. In ta lalace babu wakilin da za ka kai wa kuka.

Sayen doki abu ne, ciyar da shi wani abu ne dabam, kuma a nan ne mutane da yawa ba su kai lissafinsu. PlayStation 5 ya kan ja wajen wat 200 in ana wasa, banda talabijin da fanka. Wutar da kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ke kawo mana, kowa ya san halinta, ba sai na faɗa ba. Sai janareta, mai kuwa tun ran 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafi, ya tashi daga ƙasa da naira 200 a lita, har ya haura 1,000 a ƙarshen 2024. In kuma sola za ka sa, faifan rana da batir da inbata da za su ɗauki wannan kaya har dare wani jari ne mai zaman kansa.

Sai zafi da ƙura. A takardar da Sony ke sawa cikin kwalin PlayStation 5 sun rubuta cewa a yi aiki da shi tsakanin digiri 5 da 35. A ƙasar Gwandu, watan Maris da Afrilu, inuwa ma ta kan wuce 40, balle shago mai rufin kwano da samari ashirin a ciki. Ƙaramin akwati kuwa, ƙanƙantar da ta sa ya yi kyau a ido ita ce ta sa kayan cikinsa suka matsu, iska kaɗai ke ceton su. Hunturu ya zo, ƙura ta toshe kafofin iskar, fanka ta yi ta ihu, rana ɗaya a wayi gari ya ƙi tashi.

Na ƙarshe, kuma mafi nauyi ga Steam Machine, ba ta da wurin sa faifai. Kowane wasa sai an saya ta intanet an sauko da shi ta intanet. Babban wasa na zamani ya kan kai gigabait 50, wani ya wuce 100, bayan haka kuma a yi ta aiko da gyare-gyare. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100. A Birnin Kebbi mai haƙuri ya iya saukowa da wasa cikin dare. A ƙauyen da sai an hau tudu a ke samun sabis, sai dai a ɗauki akwatin a kai shi gari. Faifai kuwa, ko ba komai, a kan ara, a kan musaya, a kan sayar in an gaji da shi. Wasan da ka saya a intanet naka ne kai kaɗai, ba ka iya kai shi kasuwa.

FALON WA?

Har yanzu ban taɓo abin da na ke gani shi ne gindin maganar ba. Wannan na'ura don falo aka ƙera ta, kuma falon da maƙeran ke nufi shi ne na Bature: ɗaki guda inda uba da uwa da 'ya'ya biyu ke zama kan kujera ɗaya, uba ya karɓi hannun wasa ya kara da ɗansa. Gidan Bahaushe ba haka ya ke ba. Zaure na maigida ne da baƙinsa. Talabijin na cikin gida, in an samu wuta, mata da yara ƙanana sun riga sun yi masa sansani, ana kallon fim ɗin Hausa ko Arewa24. Saurayi ɗan shekara goma sha bakwai ba ya miƙe ƙafa yana ihu a inda mahaifinsa ke zaune, kunya ba ta bari. Wurinsa waje ne, cikin tsaransa. Haka a ke buga dara tun kaka da kakanni, gindin bishiya, mutum biyu na wasa, goma na tsaye suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba.

Saboda haka akwatin wasa da ya zo ƙasarmu bai shiga falo ba, shago ya shiga. Dattawa za su tuna mai keken haya, wanda ya kan jera kekuna a bakin kasuwa, yaro ya biya ya hau na ɗan lokaci ya dawo. Ba kowa ke iya sayen Raleigh ba, amma kowa ya koyi keke. Gidan gem jikan mai keken haya ne. Mai saye na gaskiya a Jega da Aliero da Maiyama ba uban yara ba ne, ɗan kasuwa ne, shi kuwa tambayarsa guda ce: kwana nawa kuɗina zai dawo?

Bari mu yi masa lissafi. Lambobin nan na misali ne, kowa ya sa na garinsu. Mu ce wasa ɗaya na minti goma naira 200, a buga biyar a sa'a, sa'a shida a yini, ya kama naira 6,000. Ƙaramar janareta ta sha lita uku, mu ce naira 900 kowace, 2,700 ta fita. Haya da ladan yaron shago da gyaran hannun wasa, mu ce 1,300. Saura 2,000. In sabon akwati da talabijin da hannu biyu sun ci naira miliyan ɗaya, sai bayan kwana 500 jari zai dawo, in ba azumi, ba jarrabawa, ba rashin lafiyar inji. To, ɗauki miliyan ɗayan nan ka sayi tsofaffin akwatuna huɗu, 'yan tokumbo, kowane da talabijin nasa. Haya ɗaya ce, yaron shago ɗaya ne, mai zai ƙaru amma ba zai ninka huɗu ba, ciniki kuwa ya tashi daga 6,000 zuwa 24,000. Yaro ba zai biya naira 800 don ciyawar filin ta fi kyau a sabon ba. Wannan shi ya sa PlayStation 3 da 4, har da na 2 a wasu ƙauyuka, su ke ta aiki a ƙasarmu bayan masu su na farko sun manta da su. Sony sun riga sun ci ribarsu a London, mu ragowar mu ke saye, kuma ita ce daidai aljihunmu.

Akwai wani dalili da kowa ya sani, ba a dai cika faɗa ba. Tsofaffin akwatuna an san yadda a ke buɗe su a zuba musu wasanni ba tare da an biya masu su ba. Wannan kuwa satar fasaha ce, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta hana, kuma malamin da ke koya wa yara gaskiya da safe bai kamata ya zama shi ke wannan sana'a da yamma ba. Na ambace shi ne don mai karatu ya gane cewa duk sabon akwati da ya zo da wannan arahar ta haram ya ke gasa.

Sa'an nan mu tambaya, me a ke bugawa a shagunan nan? Ƙwallo. Tun safe har dare ƙwallo, Barcelona da Real Madrid, Arsenal da Chelsea, sai ɗan wasan faɗa in an gaji. Wasan ƙwallon kamfanin EA, wanda a da a ke kira FIFA, aka sake masa suna EA Sports FC a 2023, yana ɗauke da wata manhajar tsaro ta hana maguɗi wadda ba ta jituwa da Linux. Har zuwa lokacin shelar nan ta 2025 ba ya tashi a kan SteamOS, haka Fortnite, haka sababbin Call of Duty. Gaskiya ne mai ilmin abin na iya cire SteamOS ya sa Windows, tun da kwamfuta ce. Amma akwatin da sai an yi masa tiyata kafin ya buga ƙwallo, wane mai shago zai zuba masa miliyan?

Abokin gasa na ƙarshe yana cikin aljihun kowane saurayi. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya ci kasuwar Afirka ne domin ya dubi halin da mu ke ciki, ya yi waya mai layi biyu, mai batir mai jimiri, mai kuɗi daidai. A kanta yaro ke buga eFootball da Free Fire, ba janareta, ba layi. Irin wannan dabara ba sabuwa ba ce. A 1949 kamfanin Ever Ready na Ingila ya ƙera wata rediyo mai batir, jikinta kamar tukunya, aka sayar da ita fam 5 a ƙasar da yanzu a ke kira Zambiya, domin an fara tambayar abin da mutane ke iya biya kafin a zana ta. Steam Machine ba a zana ta da mu a zuci ba, kuma maƙeranta ba su ce sun yi ba.

INDA TA KE DA AMFANI

Kada in rage mata haƙƙinta. Tana da abu guda da PlayStation ba shi da shi. In ka haɗa mata allon rubutu da linzami ta zama kwamfutar aiki: a buga takarda, a yi lissafin albashi, a koyi rubuta manhaja. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, kuma duk malamin da ya taɓa raka ɗaliban ƙauye zauren jarrabawa ya ga yaro mai ƙoƙari yana rawar hannu don bai taɓa riƙe linzami ba. Wasannin Steam kuma su kan yi araha ƙwarai a lokutan rangwame, kuma ba a biyan kuɗin wata wata don a kara da wani ta intanet, kamar yadda Sony da Microsoft ke karɓa a yawancin wasanni. Ga malamin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero wanda ke da sola a gida da intanet mai ƙarfi, ko ɗalibin da ke son ya koyi yadda a ke ƙera wasa ba bugawa kaɗai ba, abin na iya zama ciniki mai kyau. Amma su nawa ne?

In kuwa hujjar uba ita ce karatun yaro, to, tsohuwar kwamfutar cinya ta fi, nesa ba kusa ba. Da allonta, da batirinta, wuta ta ɗauke aiki bai tsaya ba, kuɗinta bai kai rabi ba, masu gyaranta kuma ga su nan a Birnin Kebbi da Sakkwato. Yaro ya kan zo da maganar jarrabawa ne in ya ga maganar wasa ba ta karɓu ba, iyaye su lura. Shi kuma malamin da ya ƙudura buɗe shago, ina roƙonsa abu guda, kada ya buɗe ƙofa sai an tashi daga makaranta, ya kuma rufe lokacin makarantar allo da salla. Hedimastoci sun san inda a ke samun yaran da suka ɓace bayan tara.

Wanda duk ya riga ya yanke shawarar saye, sabo ko tsoho, kada ya biya a kan hoton waya. Ya je da kansa, ko ya aiki wanda ya san abin. Ya sa a kunna masa a shagon mai sayarwa, da tsakar rana, a buga wasa mai nauyi na sa'a guda cur, yana sauraron kukan fanka, yana taɓa jikin akwatin. Ya dubi hatimin da ke bayansa ko an taɓa buɗe shi. Ya duba ko wutar da ya ke karɓa ta kai volt 220 zuwa 240 irin tamu, gama wasu tsofaffin da aka yi don Amurka da Japan 100 zuwa 120 kaɗai su ke ɗauka, ana sa su a soket sai hayaƙi. Ya karɓi rasit mai lambar injin, da sharaɗin kwanakin da zai iya mayarwa a rubuce. Cikin kuɗin da ya tanada kuma ya ware na sitabilaiza da na hannun wasa na uku, domin a shago hannu ne ke fara mutuwa.